T-72: me ya sa kanta ke tashi sama, kuma yaushe ake cewa tankar yaƙi ta gama aiki?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin bidiyon yaƙin Yukren inda ake harbin tanka sai kanta, wato saman da ke juyawa mai ɗauke da igwa, ya yi sama kamar murfin tukunya. An ce mini yawancinsu T-72 ne, kuma irinsu sojojin Najeriya suka sayo lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani. Wai tun zamanin Tarayyar Sobiyet aka ƙera ta. Shin shekara nawa tankar yaƙi ke yi kafin ta mutu? Wannan ɗin tsohon ƙarfe ne aka kakaba mana, ko da sauran amfaninta?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani ba haɗin kwamfuta ba ne, yana faruwa, kuma dalilinsa yana cikin ƙirar tankar. Amma kafin mu je can, ga gyara guda: ba da shekaru ake auna tsufan tanka ba. Gangar jikinta ƙarfe ne mai kauri, in ba tsatsa ta cinye shi ko nakiya ta lanƙwasa shi ba, zai yi shekara hamsin yana nan yadda yake. Abin da ke mutuwa shi ne inji, da bututun igwa, da sarƙar ƙafa, da robobi, da madubin hange. Kowanne da ma'auninsa: inji da awa, igwa da yawan harbi, sarƙa da kilomita. Tankar 1983 da aka kwance aka sabunta bara ta fi ta 2005 da aka yi ta tuƙawa ba gyara.

Asalin T-72 gardama ce tsakanin masana'antu biyu. A shekarun 1960 masana'antar Kharkiv da ke Yukren, ƙarƙashin injiniya Aleksandr Morozov, ta fito da T-64. Tanka ce da ta zo da abin da ba a saba gani ba: sulke mai hawa-hawa, na'urar da ke ɗura wa igwa harsashi da kanta, da ma'aikata uku maimakon huɗu. Cikas ɗinta inji. Sunansa 5TDF, ɗan ƙarami, silinda biyar kowace da fistin biyu suna fuskantar juna, ƙarfin doki 700. Ga tsada, ga saurin lalacewa, ga gardamar tashi in an yi sanyi, kuma ba kowace masana'anta ke iya yin sa ba. Manyan soja suka duba suka ga in yaƙi ya ɓarke da NATO, ba za a iya ƙera dubban tankoki da wannan inji ba. Shi ya sa a 1967 aka umarci masana'antar Uralvagonzavod da ke Nizhny Tagil, wadda asalinta ta taragun jirgin ƙasa ce, ta shirya T-64 mai ɗauke da injin da kanikawan soja suka saba da shi.

Babban injiniyan can, Leonid Kartsev, bai tsaya inda aka ce ya tsaya ba. Ya sauya inji kamar yadda aka umarta, ya kuma cire na'urar ɗurin Kharkiv ya sa tasa, daga baya aka cire ƙananan tayoyin T-64 aka sa manya irin waɗanda masana'antar ta gwada a wata tankar gwaji tata. Kafin a farga, wata tanka ce daban. Kartsev ya bar aikin a 1969, Valeri Venediktov ya ƙarasa, kuma a watan Agustan 1973 rundunar Sobiyet ta karɓe ta da sunan T-72 "Ural". Sai a faretin Nuwamban 1977 a Mosko jama'ar duniya suka gan ta a fili. Da T-80 mai inji irin na jirgin sama ta shigo a 1976, sai ƙasa ɗaya ta wayi gari da manyan tankoki iri uku a lokaci guda, igwarsu ɗaya amma kayan gyaransu ba sa shiga juna. Wannan ɓarna ce da siyasar masana'antu ta haifar, babu wani dalilin yaƙi a ciki. T-64 ba a sayar wa kowa ita ba a zamanin Sobiyet. T-72 ce aka yi don yawa, don sojan da aka ɗauka shekara biyu ya tafi, don kuma ƙawaye. An ƙera kusan 25,000, har da waɗanda aka yi da lasisi a Polan, da Cekoslobakiya, da Indiya a masana'antar Avadi, da Yugoslabiya inda ta koma M-84.

Duk alherinta da duk sharrinta daga abu ɗaya suke: an matse ta. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufin kai mita 2.2 ne, alhali M60 ta Amurka ta haura mita 3. Nauyin ta farko tan 41, T-72B ta 1985 kuwa tan 44.5, alhali Abrams ta Amurka da Leopard 2 ta Jamus na yanzu sun wuce tan 60. Hikimar a fili take. In ɗakin da za ka kare ƙarami ne, da ƙarfe kaɗan za ka yi masa katanga mai kauri, gada za ta ɗauke ka, jirgin ƙasa zai ɗauke ka, maharbin abokin gaba kuma zai sha wuyar samunka. Gaban jikin ta farko hawa uku ne: ƙarfe milimita 80, sai allon zaren gilas mai ƙaro milimita 105, sai ƙarfe milimita 20, duka a kishingiɗe da kusurwar digiri 68. A 1973 wannan ya isa ya tare mafi yawan harsasan igwa mai milimita 105 da NATO ke tinƙaho da ita.

Don a matse ta haka, dole aka kori mutum na huɗu, wato mai ɗura harsashi, domin shi ne ke buƙatar wurin tsayuwa. Direba na gaba a tsakiya, maharbi a hagun igwa, kwamanda a dama. Igwar mai milimita 125 ce, cikin bututunta sumul, kuma harsashinta kashi biyu ne: kan da ke tafiya daban, kunshin albarushin da ke tura shi daban. Mai fashewa, wanda ake harbin gini da taron mayaƙa da shi, kansa kaɗai kilo 23 ne. A ƙarƙashin kan tankar, ƙasa da kujerun maharbi da kwamanda, akwai wani faifai mai juyawa da gurbi 22. A kowane gurbi kan harsashi na kwance a ƙasa, albarushinsa na kwance a bisansa. Maharbi ya zaɓi irin da yake so ya danna, faifan ya juya ya kawo gurbin, igwa ta ɗan ɗaga baki ta tsaya cak, a ɗago gurbin, sarƙar turi ta cusa kan harsashi sannan ta cusa albarushi. Cikin daƙiƙa bakwai zuwa takwas an gama in gurbin na kusa, in faifan zai yi dogon juyi ya kai goma sha biyar. Bayan harbi abin da ke saura gindin ƙarfe ne kawai, ana cilla shi waje ta wata 'yar ƙofa a bayan kai, domin kwanson albarushin kansa ƙonewa yake yi tare da abin da ke cikinsa.

To a nan amsar bidiyonka take. Kwanson da aka yi don ya ƙone a cikin igwa, in tartsatsin ƙarfe mai zafi ya taɓa shi a cikin ɗaki ma ƙonewa zai yi. Mutane uku suna zaune a kan albarushi, babu katanga a tsakani. In wuta ta kama ɗaya ta bi sauran, ƙofofi kuma a rufe, iskar da ta taru ba ta da mafita sai inda ya fi rauni, wato zoben da kai ke zaune a kansa. In masu fashewa suka tashi su ma, kan da ya haura tan goma sai ya yi tsalle. A Abrams yawancin harsasai suna bayan kai ne, a ɗakinsu daban mai ƙofar ƙarfe, rufin ɗakin kuma an yi shi ya ɓalle sama in wuta ta tashi, ma'aikata su tsira.

Sai dai mutane na ɗora wa faifan laifin da ba nasa kaɗai ba. Faifan yana can ƙasa, tayoyi da tudun ƙasa suna kare shi, ba shi da saukin samu. T-72M1 na ɗaukar harsashi 44, faifai na da 22, saura 22 ɗin ina suke? Suna warwatse a ɗakin: jikin bango, bayan kujeru, cikin ramukan da aka yi a jikin tankunan mai, wasu har a cikin kai. Su ne suka fi saurin kamawa, daga nan wuta ta gangara faifai. Shi ya sa ma'aikatan da suka ga jiya suka ga yau, tun yaƙin Checheniya, suke shiga faɗa da 22 na faifai kawai, su koma baya su sake ɗuri in sun ƙare. Wannan bai kawar da haɗarin ba, amma ya rage shi ƙwarai. Akwai na'urar kashe gobara mai kwalba uku ta lita biyu-biyu, tana maganin wutar mai, amma albarushi ba ya buƙatar iska kafin ya ci, in ya kama babu kwalbar da za ta kashe shi.

Matsewar ta jawo wasu abubuwa biyu da ba a gani a bidiyo amma suna kashe mutane. Na ɗaya, rufin kai gajere ne, don haka igwa ba ta sunkuyawa fiye da digiri 6, ba ta ɗagawa fiye da 14. Tankar da ke son ɓuya bayan tudu ta leƙo baki kawai tana buƙatar sunkuyawa sosai, T-72 kuwa sai ta fito da jikinta. Na biyu, giya bakwai gare ta na gaba, tana kai kilomita 60 a awa a kan kwalta, amma ribas ɗaya ne tak, gudunsa kusan kilomita 4 a awa, tafiyar mai zuwa masallaci. Wanda ya yi harbi yana son ja da baya da sauri, ko dai ya rarrafa a idon abokin gaba, ko ya juya ya ba shi baya inda sulke ya fi rauni. Masu ƙirar ba su damu ba, domin a lissafinsu tankar gaba za ta yi, dubbai a jere, daga Jamus ta Gabas zuwa yamma.

Tarihinta a fagen daga ya fara ne a hannun waɗanda aka sayar wa. A yaƙin Iraƙi da Iran na 1980 zuwa 1988 ta yi suna, ta kara da tankokin Chieftain da M60 na Iran ba ta ji kunya ba. A 1982 a Labanan, Siriya ta yi asarar wasu a kwarin Biƙa, akasari ta hanyar makamai masu linzami na TOW. Abin da ya fi tayar wa Mosko hankali a wannan yaƙin shi ne harsashin Isra'ila M111 mai milimita 105 da ya faɗo hannunsu. Da suka gwada shi suka ga yana huda gaban tankar, sai aka bi tankoki ana walda musu ƙarin faranti na milimita 16. In ka ga T-72M1, wannan farantin na nan a gabanta.

Sunanta ya zube ne a 1991 a yaƙin Kuwait. A wurin da ake kira 73 Easting ranar 26 ga Fabrairu, da tudun Madina washegari, duka a hamadar kudancin Iraƙi, tankokin Abrams sun ragargaji T-72 na dakarun Saddam kusan ba tare da asara ba. Dalilan a fili suke. Na Iraƙi samfurin fitarwa ne, T-72M da M1, sulkensu na shekarun 1970. Harsashinsu na huda sulke tsohon yayi ne na zallan ƙarfe, wanda Sobiyet ta daɗe da wuce shi. Madubinsu na dare yana buƙatar a haska wata fitila da ido ba ya ganin haskenta, kuma bai wuce mita 800 ba, alhali madubin Abrams da ke ganin zafin jiki yana hango su daga fiye da kilomita biyu cikin duhu da ƙura da hayaƙi. Makaho ne ya yi dambe da mai ido. Ƙari a kan haka, sun haƙa ramuka sun zauna wuri ɗaya bayan makonni ana yi musu ruwan bama-bamai ta sama. Abin ya ɓata sunan T-72. Sabon samfurin da aka gina a kan T-72B, da ya fito a 1992, T-90 aka raɗa masa.

A Grozny, babban birnin Checheniya, kuwa, daren 31 ga Disamban 1994, Rashawa ne da kansu a ciki. Birged ta 131 ta shiga tsakiyar gari a jere, babu isassun sojojin ƙafa da za su share gine-gine, ta rasa 20 daga tankokinta 26. 'Yan Checheniya suna harba RPG, wato rokar da ake harbawa daga kafaɗa, daga benaye da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wuraren da igwa ba ta iya ɗagawa ko sunkuyawa ta kai. Waɗannan akwatunan da kake gani jere a jikin tanka kamar bulo, kowanne faranti ne da abin fashewa a tsakiya, yana tashi ya wargaza harshen wutar roka kafin ya kai sulke. A Grozny an samu tankokin da akwatunansu babu komai a ciki. Yau a Yukren ɓangarorin biyu duka suna amfani da T-72, Polan kaɗai ta ba Yukren sama da 200 a 2022. Abin da ya sauya shi ne hari ya koma ta sama, ta makami mai linzami na Javelin da ƙananan jirage marasa matuƙa, rufin kai kuwa 'yan santimita ne, kuma kai tsaye a ƙarƙashinsa albarushi yake. Leopard 2 da Abrams ma an ƙona su a can. Bambancin shi ne ma'aikatansu sun fi yawan fita da rai.

Yanzu ga batun tsawon rai, wanda shi ne ainihin tambayarka.

Injin V-46 jikan injin T-34 ne na Yaƙin Duniya na Biyu: dizal, silinda 12, lita 38.9, ƙarfin doki 780. Na T-72B ya kai 840, na T-72B3 ta 2016 ya kai 1,130. Garantin masana'anta a kan tsohon injin awa 500 ne. Mai kula na iya wuce haka nesa, marar kula ba zai kai rabi ba. Littafin tankar ya tsara duba na kullum, sai ƙaramin sabis bayan kilomita 1,600 zuwa 1,800, babba bayan 3,300 zuwa 3,500, sai kuma kwancewa gaba ɗaya a masana'anta in ta haura kilomita dubu goma da wani abu. A wannan babban gyaran ana sauke kai, a fitar da komai har ya rage gangar jiki, a duba tsagewa a walda, a mayar da sabo ko gyararre. Tanka na iya shan wannan sau biyu ko uku, shi ya sa ake ganin ta shekara arba'in tana aiki.

Ga wani abu da ke cin inji ba tare da an motsa ba. Tsohuwar T-72 ba ta da ƙaramin janareto na gefe. In ana son kai ya juya da lantarki, na'urar ɗuri ta yi aiki, rediyo ya kwana a kunne, to dole babban inji ya yi ta ruri, in ba haka ba batura huɗun su mutu. Tankar da aka girke a bakin sansani wata shida tana gadi, agogon kilomita zai nuna kamar ba ta yi komai ba, agogon awa kuwa ya cinye rabin ran injin. Dogon ruri ba kaya kuma yana tara baƙin mai da dizal da ba su ƙone ba a bututun hayaƙi. Duk mai sayen tsohuwar tanka da ya duba kilomita bai duba awa ba, an cuce shi.

Tayar da ita ma da ƙa'ida. Kafin komai sai an danna famfon da ke tura baƙin mai cikin inji har allura ta nuna matsi ya hau, sannan a tayar. Da iska ake tayarwa, daga kwalabe biyu na lita biyar-biyar, lantarki na ko-ta-kwana ne. Direban da ya tsallake famfon nan don sauri, ƙarfe ne zai gogi ƙarfe a bushe na 'yan daƙiƙu, kuma a hankali zai kashe injin. Haka kashewa: in an dawo daga gudu ba a kashe nan take, sai an bar shi ya yi ruri ruwa ya huce. In aka kashe da zafi famfon ruwa ya tsaya, ruwan da ke kan silinda ya tafasa, robobi da gasket su ƙone, gobe ka ga ruwa a cikin mai.

Babban maƙiyinta a ƙasa irin tamu ƙura ce. Matatar iskarta hawa biyu ce: ƙananan bututu masu juya iska su wurgar da yashi, sai faranti uku na saƙaƙƙiyar waya mai jiƙe da mai su kama ta laushi. A ƙura mai yawa, kamar ta hunturu ko in tankoki na bin juna a jere, kusan kowace kilomita 300 sai an ciro farantan an wanke da dizal, an tsane, an sake jiƙa su. In suka toshe inji ya shaƙe, ya yi baƙin hayaƙi, ya yi zafi. In kuma aka mayar da su robar bakin ba ta zauna daidai ba, wannan ya fi muni, domin ƙura za ta wuce kai tsaye ta zama kamar sandfefa a jikin silinda da zoben fistin. Alamarsa shan baƙin mai ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Lagireto ma ƙura da ganye na toshe shi ta sama, kuma a zafin Afrilu na Barno, da ya haura digiri 40, tazarar da ta rage kafin ruwa ya kai iyakarsa ta digiri 115 ba ta da yawa. Ruwan rijiya mai kanwa da ake ɗurawa in an matsu yana tara ɓawo a ciki, ya ƙara dagula lamarin.

In inji ya mutu, sauya shi aiki ne ja. A Leopard 2 inji da giya dunƙule ɗaya ne, ƙwararru na ciro shi su sa wani cikin ƙasa da awa guda. A T-72 injin na kwance a gicciye, akwatunan giya biyu kowanne a gefensa, kuma sai an daidaita su da juna da ma'auni. Yini guda ne ko fiye, da ƙugiyar ɗaga kaya, da bakaniken da ya san aikin. In daidaiton ya kuskure, girgiza za ta kakkarya mahaɗan.

Mai kuwa, tana ɗaukar lita 1,200, wato 705 a ciki da 495 a tankunan da ke bisa sarƙa, ana kuma iya ɗaura duro biyu na lita 200 a baya, waɗanda ake yarwa kafin faɗa. A kan kwalta tana shan kusan lita 240 a kilomita 100, a daji tsakanin 260 da 450. Tankoki goma da za su yi kilomita 200 a daji suna iya shanye lita 9,000. Don haka ba a tuƙa tanka daga bariki zuwa fagen daga, a tirela ake ɗaukarta. Doguwar tafiya da gudu a kan kwalta tana zafafa robar tayoyi shida na kowane gefe har ta ɓare, tana kuma cin robobin da ke cikin mahaɗan sarƙa. Sarƙa na saki da tafiya, kullum sai an duba an ɗaure. Mai sako-sako tana zamewa in an yi kwana a yashi ko a gangare, wadda aka ɗaure fiye da kima tana cin haƙoran tayar da ke jan ta. Mayar da sarƙar da ta zame aikin ƙarfi ne, a nan ake jin rashin mutum na huɗun da aka kora.

Bututun tsohuwar igwar yana ɗaukar harbi kusan 600 na harsashi mai fashewa. Mai huda sulke, da ke fita da gudun kusan mita 1,800 a daƙiƙa, kowane ɗaya na cin bututu kamar uku ko huɗu na wancan. Bututun da ya cinye ba ya daina harbi, saiti ne yake rasawa, daga ƙarshe yana iya tsagewa. Akwai ma'aunin da ke nuna nisan da igwa ta ja baya bayan harbi, a tsohuwar iyakarsa milimita 340 ne. In ya kai nan, man birkin igwar ya ragu, ci gaba da harbi ganganci ne. Rana ma na lanƙwasa bututu kaɗan in ta gasa gefe ɗaya, shi ne amfanin rigar da aka naɗe shi da ita, kuma shi ya sa ake sake daidaita madubi da bututu kafin fita. Albarushin da ya daɗe a rumbu mai zafi yana sauya hali, harsashi ya riƙa faɗuwa gaba ko bayan inda aka nufa. Na'urar ɗuri ita kanta ba ta cika ba da matsala ba in ana share ta, yawancin tsayawarta daga ƙananan makunnan lantarki ne da datti ya toshe. In ta tsaya ana ɗurawa da hannu, amma harbi ɗaya ko biyu a minti.

Ajiya ma kashe tanka take yi. Wadda aka bari a fili shekara biyar ba a tayar ba, robobinta sun bushe, baturanta sun mutu, ruwa ya shiga madubai ya yi hazo, wayoyi sun ruɓe ko ɓeraye sun ci. Da yawa daga cikin T-72 da suka shigo Afirka daga irin waɗannan rumbunan suka fito bayan rushewar Sobiyet. Habasha ta ƙulla cinikin 200 da Yukren a 2011. Jirgin ruwan Faina da 'yan fashin tekun Somaliya suka kama a Satumban 2008 yana ɗauke da guda 33 ne, waɗanda daga baya ta bayyana na Kudancin Sudan ne. Najeriya ta sayo nata a ƙarshen 2014 da farkon 2015, T-72M1 daga Jamhuriyar Cek da T-72AV mai akwatunan sulke daga Yukren, har an yi jigilar wasu ta jirgin sama saboda gaggawa. Kafin nan abin da rundunar ke da shi T-55 ne da Vickers Mk 3 ta Ingila, a 2020 kuma VT-4 ta ƙasar Sin ta shigo.

Ra'ayina, sayen bai zama asara ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a dubi da wa ake faɗa. Mayaƙan da ke arewa maso gabas ba su da rundunar tankoki, makamansu motoci ne masu bindigar harbo jirgi, da RPG, da nakiyoyin da ake binnewa, da motocin ƙunar baƙin wake. Harsashin bindiga mai milimita 12.7 ko 14.5 da ke ratsa ƙaramar mota mai sulke ba ya yi wa gaban T-72 komai, harsashinta mai kilo 23 kuma yana tarwatsa motar hari tun daga nesa. Inda take faɗawa hannu shi ne in an girke ta ita kaɗai a sansani, batir ya mutu, kai ba ya juyawa, dare ya yi maharbi ba ya gani, aka zagayo ta gefe ko ta baya. T-72M1 da ba a taɓa ba har yanzu idon 1980 gare ta. Da za a ba ni zaɓi tsakanin ƙarin tankoki goma da gyara waɗanda ke hannu, madubi mai ganin zafi zan fara sa musu, sai ƙaramin janareto, sai akwatunan sulke a gefe da raga a bisa kai saboda jirage marasa matuƙa, sauran kuɗin kuma su tafi kan matatun iska, da batura, da tirela, da motar janwe. Janwen nan ba abin wasa ba ne: a ƙasar firki ta wajen Dikwa da Marte da Ngala, in damina ta sauka, tan 41 na nutsewa har ciki ya zauna a laka. Gungumen da kake gani ɗaure a bayan tankar na wannan ranar ne. Ana ɗaure shi a gicciye a jikin sarƙoƙin biyu, direba ya ja a giya ta ɗaya, gungumen ya bi ta ƙarƙashi ya ba sarƙa abin takawa, a kwance a sake ɗaurawa, tsawon jiki ɗaya a kowane ja, har ta fito.